Takalmin Mai Girma da Kajin Maman Yara

Jama'a, yau na wuni a kan bencin wani ofis rungume da takalmin babban mutum a cikin leda, kamar wanda ya kai jariri awo. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa ledar, ya dubi fuskata, sannan ya dubi ƙafata. Wata mai shara har ta tsaya ta tambaye ni ko sayarwa nake yi. Na ce mata a'a, musaya na zo yi: Mai Girma ya tafi da takalmin robana, ya bar mini nasa. Matar nan ta yi dariya har sai da ta jingina tsintsiyarta da bango. Ban ga laifinta ba. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin, cewa zan yi ƙarya yake shara mini.

Kafin ma in isa ofishin sai da na gasu a layin mai, ina tura babur taku bayan taku, ina sauraron wani direba yana rantsuwa cewa man yana nan a ƙasa, ranar da zai ƙara tsada kawai ake jira. Amma wannan kukan na wata rana ne. Bari in ɗauko muku zancen takalmi daga tushe.

Matata, Maman yara, kiwon kaji take yi, irin fararen nan masu ƙiba da ake kira buroila, waɗanda ba su da sana'a sai ci da kashi, kafin su cika wata biyu an kai su kasuwa. A bayan gidanmu, can bakin gari, akwai dogon ɗaki mai rufin kwano, ƙasansa bulo, samansa ragar waya don iska ta ratsa. Nan ne masarautarta. Ni kuwa tun da na ajiye aiki na samu ƙarin girma: ni ne mai ɗaukar buhun abinci, ni ne mai wanke mazubin ruwa, ni ne mai juya dusar katakon da ake shimfiɗa wa kajin a ƙasa. Albashina ƙundu da ƙafafu, kuma ba a taɓa yi mini jinkirin biya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan tsohon wurin aikina ba.

Zubin kaji na farko da ta yi, shekarun baya, bai zo da daɗi ba. Kajin sun fara cika ido ke nan, sai muka ga sun daina rububin abinci. Suka saki fukafukai, gashinsu ya tashi, suka cure a kusurwa suna gyangyaɗi kamar 'yan majalisin da aka daɗe ana yi wa jawabi. Da muka duba ƙasa sai ga jini a kashinsu. Kafin mu farga, kwasar gawa muke yi da baro. Ranar na ga Maman yara, macen da ko a ɗakin haihuwa ban ji ta yi raki ba, ta kife bokiti ta zauna a kai tana share hawaye da gefen mayafi.

A lokacin ne muka san Likita, wata yarinya likitar dabbobi, siririya, mai yawo a kan ƙaramin babur da jakar kwalabe a baya. Ta farke cikin kaza ɗaya, ta nuna mana hanjin ya kumbura ya cika da jini. Ta ce su a makaranta koksidiyosis suke ce wa cutar. Na gwada faɗa sau biyu, harshena ya ƙi lanƙwasuwa, na koma ga sunan da kowa ya sani: zawon jini.

Ta ce, "Mama, wata ƙwaya ce da ido ba ya gani. A hanjin kaza take zama tana cin bangonsa, ƙwanta kuma yana fitowa a kashi. In ya samu dusa mai lema da ɗumi sai ya nuna, wata kazar ta tsattsaga ta haɗiye. Da wuya ki samu gonar da babu ɗan kaɗan a cikinta. Yawanta ne ke kisa."

Na ce, "To, ta ina take zuwa? Tashi take yi?"

Ta ce, "Ba ta da fiffike, Baba, ba ta da ƙafa. Mu ne motarta."

"Mu?"

"Tafin takalminku. Buhun da ya kwana a wata gona. Kejin masu sayen kaji. Tayar baro. Ɓera ma yana taimaka muku."

Tun daga ranar Maman yara ta kafa dokar da ko a bakin iyaka ba a yin irinta. A ƙofar ɗakin kaji ta ajiye kwano mai faɗi da ruwan magani. Daga ciki ta rataye dogayen takalman roba, nata da nawa, waɗanda ba sa taka ko'ina sai cikin ɗakin. Dusa ta jiƙe, a kwashe nan take. Mai sayen kaji iyakarsa bakin gida, ko nawa zai saya. Yayanta na ciki ɗaya ya taɓa zuwa ya ce a nuna masa kajin da ake ta labari, ta nuna masa su ta ragar waya daga nesa, kamar mai ziyarar fursuna. Ya yi fushin wata guda. Ta aika masa da kaji biyu soyayyu, fushin ya sauka. Ta kuma ce mini wannan zubin na yanzu shi ne gwajin ƙarshe: in zawon jini ya sake share mata ɗaki, ta bar kiwo har abada. Kun ga ke nan ƙunduna da ƙafafuna suna cikin haɗari.

Yanzu ga maƙwabcinmu, mai walda, wanda duk unguwa ke kira Ba-Komai. Mutumin kirki ne, ba ya iya ganin ka da kaya bai karɓa ba, amma duk abin da ka faɗa masa amsar ɗaya ce. Ya ga kajinmu sun yi kyau, shi ma ya kafa nasa ɗakin a bayan shagonsa. Ɗakinsa kuwa kasuwa ce. Mai sayen kaji ya shiga ya zaɓa da hannunsa, abokan hira su shiga su sha inuwa, kajin gida na maƙwabta su shiga su yi zumunci. Mazubin ruwansa yana ɗiga dare da rana, dusar ƙasa ta dunƙule ta yi baƙi.

Na ce masa, "Ƙanena, wannan lemar fa ba ta yi ba."

Ya ce, "Ba komai, Yaya. Kaza ai tana son sanyi."

Ba a daɗe ba na leƙa ta katanga na ga kajinsa sun fara sakin fukafukai. Na gaya wa Maman yara. Ranar sau biyu ta canza ruwan kwanon ƙofa, ta kuma hana ni zuwa hira shagonsa.

Ana cikin haka rediyo ta yi mana albishir. An kafa Babban Kwamitin Bincike da Wayar da Kai kan Hanjin Kaji, ƙarƙashin Mai Girma Shugaba, Uban Masu Fiffike, Garkuwar 'Yan Tsaki, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Kwamitin zai bi gona-gona ya auna yawan zawon jini, ya koya mana tsare ɗakin kaji daga cuta, ya kuma raba magani kyauta. Wallahi na yi murna. Na ce wa Maman yara, "Kin gani? An tuna da mu." Ta ce, "Malam, ni tunawar ce ke ba ni tsoro."

Ana gobe za su zo sai ga mai riƙe wa Mai Girma jaka ya iso da tankar ruwa da bokitin farin fenti. Ya sa aka shafe duwatsun bakin hanya, har da wani kututture da ba ruwansa. Sannan ya ja tiyo ya nufi ɗakin kajinmu.

Maman yara ta tare shi. "Ina zuwa da wannan?"

"Za mu ɗan yayyafa ruwa a ciki. Mai Girma ba ya son ƙura, tana sa shi atishawa."

"Ɗana, dusar nan da ka gani a bushe, da guminmu ta bushe. Ɗigo ɗaya ba zai sauka a kanta ba."

"Umarni ne daga sama."

"To a yayyafa a saman."

Ya tsaya yana kallona, wai ko maigida zai sa baki. Na duƙa ina gyara igiyar buhun da ba ta kwance ba. Da ya ga babu ci gaba sai ya ja tiyonsa zuwa gidan maƙwabci. Ta katanga na ji amsar da aka ba shi, kun riga kun san ta. Suka yi wa ɗakin Ba-Komai wanka har ruwa yana gudu ta ƙofa.

Washegari da hantsi ayari ya iso. Ku da kuke layin mai kuna tambayar ina man yake tafiya, na gano muku. Motoci ne baƙaƙe tun daga shagon walda har kwanar layi, kuma ba wadda aka kashe, don kada sanyin ciki ya gudu. Aka fito: Mai Girma cikin farar riga da ta sha guga har tana ɗaukar ido, mataimakinsa, mataimakin mataimakinsa, mai riƙe jaka, mai riƙe laima, mai hoto, da wasu ƙarata da ban gano aikinsu ba sai tafi. Can a ƙarshe na hango Likita, ita kaɗai a ƙafa da jakar kwalabenta, fuskarta kamar ta wadda aka tilasta wa rakiya.

Da gidan Ba-Komai suka fara. Ina leƙe ta katanga. Likita ta yi ta cewa, "Ranka ya daɗe, mutum biyu sun isa, sauran su tsaya a waje," amma muryarta ta nutse a cikin tafi. Duka suka dunguma ciki, suka yi ta dagargazar jiƙaƙƙiyar dusa, kaji marasa lafiya suna ratsa ƙafafunsu. Aka yi jawabi, aka yi hoto. Suka fito kowane tafin takalmi ɗauke da guzuri, suka nufo mu.

Na tarye su a bakin gida da gaisuwa har ƙasa. Ina ɗagowa na ga Maman yara ta riga ta tsaya a ƙofar ɗakin kaji, ta sha ɗamara da mayafi, hannu ɗaya a kan ƙofa.

Ta ce, "Sannunku da zuwa, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya zai shiga, sai Likita. Kuma wanda zai shiga zai cire takalminsa ya sa wannan." Ta ɗaga takalmin robana.

Aka shiga kallon-kallo. Har mai laima ya sauke laima.

Mai riƙe jaka ya matso. "Baiwar Allah, kin san wanda kike yi wa magana?"

"Na sani mana. Shi ne wanda rediyo ta ce zai koya mana hana cuta shiga ɗakin kaji. Na ga gara ya tarar mun fara."

Mataimaki ya ce to ai ga kwanon magani, kowa ya ɗan tsoma ƙafa a wuce. Mai Girma ya dubi kwanon, ya dubi takalminsa, baƙi mai sheƙi mai tsinin baki, irin wanda ruwan sama ma sai ya nemi izini kafin ya taɓa. Na ga ransa bai kwanta ba. Nan Likita ta samu ƙofa, ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ruwan kwanon yana taimakawa a kan wasu cututtukan, amma ƙwan wannan ƙwayar taurin kai gare shi, tsomawa ba ta kashe shi. Canza takalmin shi ne daidai. Abin da muka rubuta a jawabinka ke nan."

Ya ce, "Na faɗi haka?"

"Za ka faɗa, ranka ya daɗe. Yana shafi na biyu."

Ni dai gumi nake yi. Ina tunanin maganin kyauta yana shirin tashi, ina kuma tunanin Maman yara a kan kifaffen bokiti. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Wanda ya raba gardamar, abin mamaki, mai hoto ne. Ya karkata kai ya ce, "Ranka ya daɗe, takalmin robar nan zai fito a hoto fa. Za a ga shugaba mai shiga cikin aiki da kansa."

Fuskar Mai Girma ta washe nan take. Aka kawo kujera, mutum biyu suka durƙusa suka zare masa takalmi, aka miƙo mini na riƙe. Ya zura ƙafa a nawa, ya miƙe, ya buga ƙasa sau biyu. Ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi nawa daɗi. Yatsuna sun samu 'yanci." Aka yi tafi. In faɗi gaskiya, a nan mutumin ya ɗan shiga raina. Duk wanda takalmi ya taɓa matsa ɗan'uwana ne.

Suka shiga su uku, shi da Likita da Maman yara. Aka bar ni gadin ƙofa da takalmi a hannu, ina ba manyan mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Mai Girma ya tsaya a tsakiyar kaji ya fara jawabi ta ragar waya ga waɗanda ke waje. Ya ce daga yau zawon jini ya shiga uku. Ya ce an kusa daina jin sunansa. Kajin suka kewaye shi suna tsattsagar gefen rigarsa, shi kuwa ya ɗauka goyon baya ne. Don ya ƙarfafa magana sai ya sunkuya ya ɗauki wata ƙatuwa ya rungume a ƙirji.

Jama'a, buroila ba ta san babban mutum ba. Ta yi abin da ta fi iyawa, tun daga aljihun gaba har ƙasa.

Tafi ya tsaya cak. Mai riƙe jaka ya dafe kai. Ni na fara tunanin garin da za mu koma. Sai Likita ta matso, ta gyara tabarau, ta ƙura wa rigar ido kamar mai karanta wasiƙa, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ranka ya daɗe, ka ga wannan? Ga kauri, ga farin nan a kai, babu ɗigon jini. Lafiyayyen kashi ke nan. Don Allah kada ka motsa." Ta zaro ɗan cokali da kwalba, ta kankare abin binciken daga rigar Shugaban Kwamiti, ta rufe, ta rubuta a jiki.

Mai Girma ya dubi rigarsa, sannan ya fashe da dariya, ya ce, "To, a rubuta cewa da kaina na karɓo." Sai kowa ya tuna ashe abin dariya ne, aka yi ta ƙyaƙyatawa har da masu riƙe ciki.

Cikin wannan hayaniyar ne Maman yara ta ƙwalla ƙara. Mai hoto, da ya ga waya tana ɓata masa hoto, ya zagaya ta ƙofar baya inda muke fitar da tsohuwar dusa, ya shigo da takalminsa na gidan Ba-Komai, har ya durƙusa a kusurwa yana neman haske. Ban san Maman yara tana da gudu ba sai ranar. Ta fito da shi da tsintsiya, yana riƙe da kyamara a sama yana cewa saura ɗaya.

Daga nan komai ya rikice. Aka rufa wa Mai Girma wani mayafi a ƙirji, aka yi mota da shi. Aka jibge mana kyaututtuka a bakin gida: huluna masu hoton kaza, kalanda mai hoton Mai Girma rungume da wani jan zakara da ko kusa ba buroila ba ne, da allo mai cewa BA A SHIGA. Magani kuwa aka ce a zo ofis. Motoci suka tashi. Sai da ƙarar ta lafa na dubi hannuna na ga takalmi baƙi mai sheƙi.

Maman yara ta ce, "Malam, ina takalmin ɗakina?"

Na nuna mata hanya.

Ta dafe ƙirji. "Yanzu da shi zai shiga gonar wani?"

Da shi ya shiga. An ce gonaki da dama ya zaga ranar, kuma ko'ina yana nuna ƙafa yana cewa a yi koyi da shi.

Ba mu zauna ba. Muka kwashe dusar kusurwar da mai hoto ya durƙusa har da ta kewayenta, muka zuba sabuwa. Daga ranar kuma kullum da sassafe ni da Maman yara muna duƙe a ɗakin kaji muna duba ƙasa. Ban taɓa zaton zan tsufa ina karanta kashin kaza kamar jarida ba, amma ga shi, har na fara iya bambance labari mai daɗi da marar daɗi. Ita kuwa ba ta cin abincin kirki. In na yi mata wasa sai ta ce, "Malam, bari dai mako ya wuce."

Mako bai wuce ba. Wata safiya muka tarar da 'yan kaɗan a wajen ƙofar baya sun saki fukafukai, ga ja-ja a ƙasa. Maman yara ta tsaya kamar an dasa ta. Na ga idonta ya sauka a kan bokiti, na yi sauri na ɗauke shi na ce ruwa zan ɗebo. Na kira Likita. Ba ayari, ba laima, sai ga ta a kan ɗan baburinta. Ta sa leda a ƙafa har gwiwa, ta ware marasa lafiyan, ta rubuta mana maganin da za a zuba wa duka ɗakin a ruwan sha, ta ce a sake kwashe dusa, kuma kada a sayar da ko ɗaya sai maganin ya gama fita daga jikinsu.

Na ce, "Likita, mai hoton nan ne ko?"

Ta ce, "Ba zan rantse ba, Baba. Na gaya muku da wuya a rasa ta a gona."

Maman yara ta ce, "Ke kada ki rantse, 'yata. Ni zan rantse mana mu biyu."

Allah ya taimaka an tare abin da wuri. 'Yan ƙalilan muka rasa, sauran suka warware suka koma sana'arsu ta ci. Ranar da na ji sun sake yi wa mazubin abinci rubdugu har suna ture ni, na ji Maman yara tana 'yar waƙa a bakin famfo. Na ce, "A fasa ritayar ke nan?" Ta ce, "Ɗauko buhu, Malam, surutu ya yi yawa."

Ba-Komai ne abin tausayi. Fiye da rabin kajinsa suka tafi. Da yamma ya zo ya tsaya a bakin gidanmu, shi da kansa ya ƙi ƙarasowa, ya cire hular kwamiti yana murzawa a hannu.

Ya ce, "Yaya, ashe da komai."

Maman yara ba ta yi masa gori ba, ko da yake na ga gorin ya zo mata har maƙogwaro. Ta tsaya daga cikin gida, shi daga waje, ta yi masa karatu tiryan-tiryan: ya kwashe dusar duka ya kai nesa, ya wanke ɗakin ya bar shi ya bushe ya huta kafin sabon zubi, ya gyara mazubin da ke ɗiga, ya rage cunkoso, ya nemi Likita kafin ya sayi kowane magani. Ya koma ya ƙera wa ɗakinsa ƙofar ƙarfe mai sakata biyu, ya ƙera mana irinta a ƙofar baya kyauta. Shekaranjiya na je aron guduma, ya tsayar da ni daga nesa yana nuna ƙafata. Ni! Yanzu yaran unguwa Da-Komai suke ce masa.

To, shi ne yau na shirya na tafi ofis da buƙata biyu: in karɓo maganin da aka yi alkawari, in kuma yi musayar takalmi. Bayan na gama gasuwa a benci, mai kula da sito ya leƙo ya ce magani yana hanya. Na ce wace hanyar, ko in je in tarye shi? Ya ce hula dai ta iso, in ina son ƙari. Daga nan aka tura ni wurin mai riƙe jaka. Ya gane ni, har ya tambayi lafiyar Mama, da ɗan rawar murya. Na miƙa masa leda na ce a ba ni nawa.

Ya ce, "Ai wannan ba zai yiwu ba, Baba. Zo ka gani."

Ya kai ni zauren baƙi. Ga takalmin robana a cikin akwatin gilashi, an goge shi yana ƙyalli, har da facin da na yi masa da robar taya. A ƙasa an rubuta cewa da wannan ne Mai Girma ya shiga fagen yaƙi da zawon jini. Wasu baƙi biyu suna ɗaukar hoto a gefensa. Na daɗe ina taka takalmin nan, ban taɓa sanin yana da makoma irin wannan ba. Na ce to a karɓi na Mai Girma mana. Ya ce ba a naɗa jami'in karɓar takalmi ba tukuna, in riƙe a wurina. Na dawo da shi. Ya yi mini kaɗan, kuma Maman yara ta ce ko bakin gida kada ya wuce sai an dafa shi.

Ina shigowa gida na tarar da ita da rediyo a kan tabarma, Da-Komai yana tsaye daga bakin ƙofa yana saurare. Kwamiti ne ya fitar da sakamakon bincikensa. Ya gano zawon jini a yawancin gonakin da ya ziyarta, kuma abin damuwa, wasu gonakin da ya samu lafiya lau sun kamu jim kaɗan bayan ziyarar. Bayan dogon nazari, kwamitin ya gano musabbabin: masu kiwo suna barin baƙi barkatai suna shiga ɗakin kaji da takalmansu. Don haka Mai Girma ya nuna ɓacin ransa, ya kuma amince a faɗaɗa kwamitin, a ƙara masa motoci, ya sake bin gonakin ɗaya bayan ɗaya don ja mana kunne.

Da-Komai ya ce, "Yaya, bari in je in ƙara sakata ta uku."

Ni kuwa, jama'a, na cire wa kwamitin nan hula, har da wadda ya ba ni. Mun sha ganin kwamitocin da suka shekara suna bincike ba su gano komai ba. Wannan kuwa cikin ɗan lokaci ya bi sawu har ya gano mai laifi, bai kuskure ko kaɗan ba. Abin da ya rage kawai a samu mai ƙarfin halin da zai gaya masa ko wane ne. Ni dai ba ni ba, buhuna biyu ke jirana a bakin ƙofa.